Saura Alkaki Ɗaya

Ana kiran la'asar ɗalibaina suka dawo daga tallan alkakin da muka shirya don gyaran rufin makaranta. Na ƙirga su. Babu yarinya ɗaya.

Na bi lungunan Ƙofar Jatau ina ƙwala mata kira. Duk rijiyar da na gani sai na leƙa. Uwarta na biye da ni, ko takalmi babu.

A wani tsohon zaure muka same ta, ta rakuɓe, ta rungume faranti.

Na ce, "Me ya hana ki dawowa?"

Ta ɗago jajayen idanu. "Malam, kai ka ce kar wanda ya dawo da saura."

Da wasa na faɗa, don su dage. Na duba farantin. Alkaki ɗaya ya rage.