Agogon Malam Masahudu

"Baba, ƙarfe nawa yanzu?" in ji Dakta Ikhlas.

Malam Masahudu ya janye hannun rigarsa, ya dubi tsohon agogonsa. "Tara da minti arba'in."

Dakta Ikhlas ta ɗaga kai ta kalli agogon bangon asibitin. Ɗaya saura minti ashirin. Ta yi masa uzuri, ta lissafa lokacin Kano, nan ma bai zo daidai ba. Tsohon ba ya kan lokacin Doha inda suke, ba ya kan na Kano.

"Kin gani ko, Dakta?" in ji ɗansa, Injiniya Umar Faruq. "Sau uku ina gyara agogon nan a ɓoye, sau uku yana mayar da shi. Khalas, shi ke nan, ki sa hannu kawai."

Takardar na gabanta. In ta rubuta cewa hankalin tsohon ya fara gushewa, sashen kula da tsofaffi za a kai shi, Kano kuwa sai dai a mafarki. In ta ce lafiyarsa ƙalau, ɗan zai miƙa masa fasfonsa ya tafi gida.

Aikin ido ya kawo shi Doha, na mako uku. Sai korona ta rufe hanyoyi, ta kuma kama shi, ya kwana goma sha tara da na'urar numfashi. Da ya farfaɗo bai nemi ruwa ba, rediyo ya nema, ya saita agogonsa. Tun daga nan yake zaune a gidan ɗansa a unguwar Bin Mahmud, shekara biyu da wata takwas, kullum maganarsa guda ce: gida.

Ikhlas ta ji tausayinsa har cikin ranta. Sauran tambayoyin gwajin hankalin duk ya amsa, har da gatse. Wannan ɗaya ce ta tsaya mata a wuya.

"Baba, wane aiki ka yi?"

"Gyaran rediyo a Fagge," ɗan ya riga shi. "Kafin a haife ni kuma ya yi wa wasu turawa aiki a bayan gari. Gadi ne, ina jin."

"Ka taɓa tambayata?" in ji tsohon. Umar Faruq ya sunkuyar da kai.

Ta sassauta murya. "Baba, ka ce mini ɗaya saura ashirin kawai, in sa maka hannu ka tafi gida."

Wani da gudu zai karɓi wannan tayi. Malam Masahudu kuwa ya gyara zaman hularsa.

"'Yata, shekara sittin ban yi wa agogon nan ƙarya ba. Ba zan fara a kan tikitin jirgi ba. In ɗakin tsofaffin ne, a kai ni. Amma tara da arba'in da biyu ne yanzu."

Taurin kai irin wannan, ko jaki ya sara masa. Ta ɗauki biro, zuciyarta ba daɗi.

Sai ihu ya tashi a ɗakin jira. Masu jinya da masu shara sun taru a gaban talabijin, ana shirin take wasan cin kofin duniya. Ta hango allon ta gilashin ƙofa. An rubuta lokacin wasan: ƙarfe ɗaya agogon Doha, ƙarfe goma agogon GMT.

Ta sake duban hannun tsohon. Ashe a kan GMT agogonsa yake, ko minti ɗaya bai kuskure ba.

Ta ajiye biron. "Baba, me ya haɗa mai gyaran rediyo a Fagge da agogon GMT?"

Bai kalle ta ba, ɗansa ya kalla.

"Turawan da ka ce na yi wa gadi, tashar bin sawun kumbo suka kafa a Kano, ni ne kuma mai kula da agogonta. In na yi kuskuren daƙiƙa ɗaya, muryar mutum ta ɓace a sararin samaniya. Ɗan sama jannatin da kuke koya wa 'ya'yanku cewa ya taka wata, tun yana koyon zagaya duniya, da lokacina ake magana da shi in ya ratso ta saman Kano, kuma bai taɓa cewa na ruɗe ba."