Doguwar Takardar Ungozoma

Gyara zama ki ji, ke da kike cewa kunya ce ta ɗaure miki baki.

An yi wata ungozoma a wani ƙauye da ke bakin fadama. Rabin mutanen garin ita ta yanke musu cibi. Ba ta san ko alif ba, amma ta san sassaƙen da ake jiƙa wa mai naƙuda, da ganyen da ake tafasa wa mai jego, da saiwar da ba a haƙa sai bayan ruwan fari. Da tsufa ya kama ta, sai sunayen itatuwan suka fara sulale mata ɗaya bayan ɗaya. Takan yi gyangyaɗi da hantsi a gindin tsamiya, ta ga kanta cikin daji, kalgo da sabara da marke suna tafiya a jere kamar mata za su rafi, tana kira ba sa waiwayowa. Ta san in ba a rubuta ba, da ita za a binne su.

Ana nan sai aka kai ta birni a duba mata ido, ta sauka gidan ɗan ƙaninta. A bayin gidan ta ga abin da ba ta taɓa gani ba: farar takarda a naɗe, rataye a bango, laushi kamar audugar rimi. Mu a zamaninmu buta muka sani. In a daji ne babu ruwa, a nemi dutse ko totuwar masara. Takarda kuwa abar girmamawa ce, in ka gan ta a ƙasa sai ka ɗauka ka soke a danga, don ba ka san sunan da ke jikinta ba. Tsohuwa ta ja bakin takardar, ta ga tana ta zuwa, ba ta ƙarewa. Zuciyarta ta ce, ga wadda za ta ɗauke dukan abin da ke kaina. Ba ta tambayi amfaninta ba, don babba ba ya tambayar abin bayi. Ta dai ce wa matar gidan, "Ke 'yar nan, ba ku tsoron Allah? Takarda a makewayi? In ba ku so, ku ba ni." Matar ta rufe baki da gefen mayafi, ta ɗauko sabuwa ta miƙa mata, ta ce, "Ga shi, Inna, Allah ya amfana."

Da ta koma gida, ta aika a kira mijin 'yarta, wanda shi ne mai rubutun wasiƙa a garin. Ya zauna a bakin ƙofa, ita tana ciki ta juya masa baya, yadda suruka ke yi. Aka miƙo masa naɗin a kan faifai. Yana gani ya gane. Ya buɗe baki, sai ya tuna gaban wa yake, da irin kalmar da za ta fito. Ya ce, "Inna, takardar nan ba ta da ƙwari." Ta ce, "Ni ma ba ni da ƙwari, ga ni nan kuwa. Rubuta, malam." Ya sunkuyar da kai, ya ɗora biro a hankali don kada ta yage.

Kwana huɗu suna yi. Ita tana lumshe ido tana faɗa, muryarta kamar mai yi wa jariri waƙa, shi yana warwarewa yana rubutawa, takardar tana sauka daga gwiwarsa tana kwanciya a tabarma kamar sabon zare a rana. A ransa yana cewa, gobe zan karɓa in kwafe a littafi. Amma in ya ce zai kwafe, sai ta ce don me, in ta ce don me, sai ya faɗa. Goben ba ta zo ba. Tsohuwa ta naɗe abinta, ta sa a ƙwarya, ta rufe da faifai, ta ɗora can saman ragaya kusa da jinka. Daga ranar ta daina riƙon sunayen. Ta sake su kamar mai sauke tulu, ta yi barcin da ta daɗe ba ta yi ba.

Damina ta zo da ƙarfi, jinka ta yi yoyo daidai kan ragayar. Babu wanda ya lura. Ana tsakiyar daminar naƙuda ta tsaya wa wata mata a maƙwabta, tun asuba har azahar. 'Yar ungozoma ta rugo ta sauke ƙwaryar, mijinta na tsaye a ƙofa zai karanta. Ta ɗaga faifai. Abin da ke ciki dunƙule ne fari, da shuɗi-shuɗin tawada a jikinsa, ya jiƙe ya bushe ya sake jiƙewa. Aka juya ga tsohuwa, aka ce, "Inna, wane sassaƙe ne?" Ta dubi ƙwaryar, ta taɓa dunƙulen da yatsa, ta yi murmushi, ta ce, "Wa ya kawo fura bai kawo nono ba?" Sai a amalanke aka ɗauki matar, aka bi taɓo da ita zuwa bakin titi neman motar asibiti.

Mutum uku, kowa da ladabinsa, suka haɗu suka narkar da aikin shekara sittin. Ita takardar ba ta yi laifi ba, don ta narke aka yi ta. Da ɗayansu ya daure ya faɗi kalma ɗaya mai nauyi, da an wuce wurin. Shi ya sa masu magana suka ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.