Akun Hajiya Ƙaltume a Gidan Turare

Fatna ba ta iya ce wa manya a'a ba, duk unguwar Ƙuba ta Madina an san haka. Sana'arta riƙon dabbobin mutane ce. Mai tafiya ya kawo mata kyanwarsa ko tsuntsunsa, ta ciyar, ta share, ta miƙa masa abinsa in ya dawo. Tana da hannu, ba a taɓa kuka da ita ba.

A wannan makon kuwa ta daina karɓar tsuntsaye, domin bikin ƙanwarta Wafa ya matso, kuma a gidansu za a soya turaren wutan amarya. Ta sani sarai, hayaƙin da mutum ke shaƙa ya lumshe ido, shi ke toshe wa tsuntsu numfashi. Duk wanda ya kira, sai ta ba shi haƙuri kai tsaye. A waya dai kowa jarumi ne.

Sai ga Baba Osman da kansa bayan la'asar, aminin marigayi mahaifinta, yana dogara sanda, da keji a hannu an lulluɓe da tsohon mayafi.

"Ya binti, 'yata, gobe zan tafi Jidda, za su yi mini amaliyya, aikin tiyata a ido. Ga akun Hajiyarku. Ban yarda da hannun kowa ba sai naki."

Matarsa, Hajiya Ƙaltume, ita ta raini akun nan. Tun da ta rasu, muryarta ba ta saura ko'ina a duniya ba sai a bakinsa: sallamarta, ɗan tarinta, yadda take jan sunan mijinta. Da wannan muryar tsohon yake karya kumallo kullum.

Fatna ta yi niyyar cewa a'a. Sai ta dubi farin gemu, ta dubi hannun da ke dafe da sanda.

"Abshir, Baba, ba damuwa, an gama. Ka tafi hankalinka kwance."

A ranta ta ce ai akwai ɗakin sama, sai ta ja ƙofa. Ka ce hayaƙi yana jiran izini kafin ya shiga ɗaki.

Washegari gwaggonni suka cika gida. Aka ɗora tukwane, aka zuba icen sandal, sukari ya narke, aka tsiyaya turare. Zafin Madina ya hana buɗe taga, na'urar sanyi kuma tana ta yawo da ƙamshin daga ɗaki zuwa ɗaki. Gidan ya koma kamar mafarki. Hasken rana ya yi laushi, inuwar dabino tana lilo a jikin labule, fuskoki suna ɓacewa cikin hayaƙi suna dawowa. Sai wata murya ta gangaro daga sama a hankali.

"Salamu alaikum, masu gida. Osmaaan, ka sha maganinka?"

Ludayi ya tsaya cak a hannun Gwaggo Hibatullah.

"La'ilaha illallahu! Ƙaltume ce wallahi! Fatna, sauko mana da shi, shuwayya, na ɗan lokaci kawai, mu ji ƙawarmu."

Karo na biyu ke nan Fatna ta haɗiye a'a. Ta sauko da kejin ta ajiye a tsakiyarsu. Matan suka kewaye shi, suna amsa sallama, suna dariya suna share hawaye, sai ka rantse marigayiyar ce zaune a cikinsu da mayafinta. Ita ma Fatna daɗin ya kwashe ta, ta manta abin da ta fi kowa sani a ɗakin.

Ba ta farga ba sai da akun ya yi shiru. Ya buɗe baki yana haki, wutsiyarsa tana sama tana ƙasa, sannan ya zame daga kan sandarsa ya kwanta a ƙasan keji. Ta sure shi da gudu sai wurin likitan dabbobi. Likitan bai yi dogon bincike ba, ƙamshin abayarta ya gaya masa komai.

"Turaren wuta?"

Ta gyaɗa kai. Aka sa wa akun iskar numfashi, aka yi duk abin da za a yi. Bai kai magariba ba.

Ranar da Baba Osman ya dawo, idonsa a naɗe da auduga, Fatna ta je da kejin babu komai ciki, ta durƙusa ta faɗa masa gaskiya.

"Allah ya bayar, Allah ya karɓa," in ji shi. "Amma ya binti, da kin ce mini babu hali, wallahi ba zan ji haushi ba. Maƙwabcina Sa'id har roƙona ya yi in bar masa shi. Na ce a'a, wurin gwana zan kai."

Bai ɗaga murya ba, bai zage ta ba, ita kuwa ta so a ce ya yi. Ta fito tana kuka, ta bar shi zaune shi kaɗai a gidan da ba mai kiran sunansa kuma.

Jama'a, dabba amana ce mai rai. In ka san gidanka ko halin da kake ciki zai cutar da ita, ka ce ba za ka iya ba, ko da mai roƙon shi ya haife ka. Kunyar faɗin a'a takan wuce nan da nan, amma ran da ya fita ba ya dawowa.