Ƙofar da Raliya Ta Ƙi Buɗewa

Wata bakwai ke nan Raliya ba ta taka titi ba. Tun da suka zo Umra daga Maraɗi a shekarar 1983 suka zauna, duniyarta ta zama ɗaki guda a saman wani bene a unguwar Jurf ta Madina. Mijinta Issoufou ya samu iƙama, wato takardar izinin zama, yana aikin gonar dabino a Khaibar, ita kuwa ba ta da ko guntuwar takarda. Duk Juma'a in zai koma, gargaɗinsa ɗaya ne.

"Kika ji Larabci a bakin ƙofa, kada ki buɗe. 'Yan jawazat ne masu kamen baƙi, jirgi za su sa ki."

Ga shi cikin fari gare ta, kunya ta hana ta ko ambatonsa. Burinta dai ta haihu a garin Manzo, a ce ɗanta ɗan Madina ne.

A ƙasan benen akwai Hajja Fatna, tsohuwar da kakanninta suka zo hajji a ƙafa daga Kano. Ciwon gwiwa ya raba ta da matakala, amma idonta ƙalau. Ranar da Raliya ta sauko ɗiban ruwa, tsohuwar ta ƙura wa ƙafafunta ido. Sun kumbura har silifas ya ƙi shiga.

"Ya binti, wannan kumburin bai yi mini ba. Kanki na ciwo?"

"Lafiya lau, Hajja," in ji Raliya tana sunkuyar da kai. Ƙarya take yi, kwana uku ke nan tana ganin hazo-hazo.

Hajja ta aiki 'yarta Sharifa, ma'aikaciyar jinya, da abin awon jini. Sharifa haihuwar Madina ce, tana jin Hausa sarai amma bakinta Larabci yake zubarwa. Ta ƙwanƙwasa ta ce, "Iftahi, ya ukhti!" wato "Buɗe, 'yar'uwata!" Raliya ta ji Larabci, ta laɓe bayan ƙofa. Sau uku Sharifa tana hawa cikin mako biyu, sau uku tana saukowa da kayanta a hannu. Ta ɗauka wulaƙanci ne, ta yi fushi ta daina.

Ran wata Talata bayan Azahar, Hajja ta ji faɗuwar tukunya a sama, sai ga ruwa yana gangarowa ta matakala. Da rarrafe ta hau, tana kira da Hausa, "Raliya! Ni ce Fatna!" Ƙofa a kulle, sai ta ƙwala wa maƙwabta kira. Maƙwabta suka ɓalle ƙofar, suka tarar da ita a ƙasa tana jijjiga, ta ciji harshenta.

A asibiti aka ceto Raliya, amma ba a ceto yaron ba. Namiji ne, da sumarsa baƙa wuluk.

Da ta farfaɗo ta ga wata mace cikin fararen kaya tana riƙe da hannunta. Matar ta yi magana, Raliya ta gane muryar nan take. Muryar bayan ƙofa ce.

Sharifa ta tattaro 'yar Hausarta da ƙyar. "Jininki ne ya hau. Da kin buɗe, da na auna, da tuni mun kai ki wurin daktor. Wallahi ni ba jawazat ba ce. 'Yar'uwarki ce."

Raliya ta juya fuskarta ga bango ta fashe da kuka mai cin rai. Issoufou ya iso daga Khaibar da ƙurar gona a jikinsa, ya karɓi ɗansa cikin likkafani. Yaron ya zama ɗan Madina kamar yadda uwarsa ta so. A maƙabartar Baƙi'a aka binne shi.

Jama'a, ciki ba abin ɓoyewa ba ne ga masu duba lafiya. Kumburin ƙafa da ciwon kai ga mai ciki alama ce ta haɗari. In kuna baƙunta, ku san maƙwabtanku tun kafin rana ta ɓaci, kada tsoro ya sa ku kulle wa mai taimako ƙofa.