Sassaƙen Gabas

Shekara bakwai ke nan da aka hana sassaƙar bishiya. Yanzu a kwalba ake renon naman itacen da ake tatsar maganin ciwon daji daga jikinsa, kuma aikin Hansatu ke nan.

Mahaifinta, Malam Ɗangambo, tsohon mai maganin gargajiya, shi ciwon ya kwantar. Ya rantse ba zai sha abin da bai ga uwarsa ba, don haka ta roƙi izini ta kawo masa kwalba ɗaya har shimfiɗarsa.

Ya ɗaga ya duba. Wani farin dunƙule ne kamar ɗanwake, ba ganye, ba saiwa.

"Ina gabas ɗinsa?"

"Baba, ba shi da gabas."

"To ta ina kuka sassaƙo? Ni ban taɓa ba mutum sai sassaƙen gabas ba."

Hansatu ta fisgi kwalbar, ta dangwarar a bakin taga, inda rana ke fitowa. "Ga gabas nan!"

Ya yi murmushi. "Uwata, ke kika juya shi. Itace da kansa yake neman rana."

Ya ture kofin maganin. Ba ta yi kuka ba. Ta ɗauka, ta sake miƙa masa.