Kunun da Ya Yi Huci

Ina ƙarama, wata rana da la'asar Inna ta ɗauko jarkar kunun zaƙin da ya kwana a ɗaki. Tana murɗa murfin ya yi huci, tsami ya bugi hancina. Na miƙa kofina, ta riƙe mini hannu.

"Uwata, kunun da ya yi huci ya kama hanyar giya. Ba zan ba ki ba."

Ta juye shi a kwata ina ta kuka.

Nan Dubai firjin gidan hayarmu na haɗaka ne, wani lokaci a fitar mini da gora ban sani ba. Shi ya sa kafin in ba ɗana kunu sai na kara gorar a kunne, in murɗa a hankali. Jiya ta yi huci. Ya sha kukansa, na zubar.