Shingen Awakin Salmanu

Shekara huɗu ke nan Muntari yana riƙe da Salmanu a zuci. Tun ranar da Salmanu ya toshe masa ruwa a lokacin da layin ban ruwa ya zo kan gonarsa, dawarsa ta bushe a tsaye, bai sake kallonsa da idon rahama ba. Dattawa sun sulhunta su, har sun yi musabaha a masallaci, amma hannu kawai Muntari ya miƙa.

Da aka zaɓe shi cikin lajna, wato kwamitin mutum bakwai mai kula da al'amuran ƙauyensu a yankin Hasahisa, sai ya ji kamar an damƙa masa kulki. Bai daɗe yana jira ba kuwa. Salmanu ya faɗaɗa shingen awakinsa ya ci kamu biyu na babbar hanya, masu amalanke suka kawo kuka.

Bayan la'asar lajna ta zauna. Shugabanta, Baba Osman, tsoho ne da ba ya son hayaniya. Ya ce, "Wagga magana ba ta da wuya. Ko mu tura dattawa biyu su yi mashi nasiha, ko mu rubuta mashi gargaɗi. In ya ƙi ji, mu yanke shawara a kanai shi kaɗai, mu sa hannu, shi janye shinge cikin kwana bakwai."

"Nasiha?" in ji Muntari. "Ga Salmanu? Baba, ku rubuta wa mahalliya ta ba da amur. Katafila nika so ta zo."

Mahalliya ita ce ƙaramar hukuma, amur kuwa umarninta ne da ke hawa kan kowa. Baba Osman ya cire tabarau ya dube shi.

"Ɗana, shawararmu tamu ta, muna iya warware ta gobe in mun so. Amma amur in ya fito, ya fi ƙarfinmu. Kuma ba shi sanin sunan Salmanu, hanya shika sani. Ka manta ɗakin Sakinatu?"

Muntari bai manta ba. Sakinatu ƙanwarsa ce, wadda ta baro birnin Madani da 'ya'ya uku bayan mijinta ya rasu. Da hannunsa ya gina mata ɗakin jan bulo a bayan katangarsa, ya kuwa san sarai cewa rabin ɗakin a kan hanyar nan yake. Amma gidan nasa can ƙarshen gari yake, ga shi kuma ɗan lajna. Wa zai taɓa shi?

"Halas, shi ke nan, ku bar mani wannan," ya ce.

Ya bi 'yan lajna ɗaya bayan ɗaya, wannan ya sha shayi a gidansa, wancan ya tuna masa zumunci. Da aka ɗaga hannu, huɗu suka rinjayi uku. Shi da kansa ya ɗauki takardar ya kai mahalliya, yana tafe yana murmushi shi kaɗai a mota.

Bayan wata guda injiniya ya iso da taswira, da 'yan sanda biyu, katafila na biye da su. Muntari ya sa farar jallabiyarsa ta Juma'a ya zo ya tsaya a gaba, don kada wani abu ya wuce shi. Katafila ta ture shingen a tashi ɗaya. Kara ne da ƙaya, ba wani abu ba. Awaki suka watse, yara na dariya, Muntari kuwa ya ji sanyi har cikin ransa.

Salmanu ya dubi tarkacen shingensa. Ya kaɗe ƙurar rigarsa, ya matsa kusa da injiniya, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ya muhandis, ai hanyar ba nan ta ƙare ba. Taho in raka ka."

Injiniya ya duba takardarsa. Umarnin ya ce a share babbar hanya daga farkonta har ƙarshenta. Aka ja igiyar awo, Salmanu na gaba yana nuni, har ƙofar Sakinatu. Aka shafa wa ɗakin jan fenti, aka ce a kwashe kaya kafin azahar.

Muntari ya ruga gidan Baba Osman ko takalmi bai gyara ba.

"Baba, a tara lajna yanzu! Mu janye!"

"Mi za mu janye, ɗana? Ko mu bakwai munka sa hannu, ba namu na ba. Sai mahalliya ta sake zama, ita ko ba yau za ta zauna ba."

Ya roƙi injiniya, ya ce shi ɗan lajna ne. Injiniya ya nuna masa sa hannunsa a ƙasan takardar neman umarnin.

Kafin la'asar ɗakin ya zama tulin bulo. Sakinatu na zaune a kan gadon igiya a tsakiyar hanya, ƙaramar 'yarta a cinya, tukwane a ƙasa, ga hadari yana haɗowa ta kudu. Ba ta yi kuka ba. Ta ɗaga kai ta dube shi.

"Yaya, an ce kai ka kai takardar. Gaskiya na?"

Muntari ya kau da kai ya dubi tulin bulon. A can bayan masallaci kuwa Salmanu har ya kafa sabon shinge a cikin filinsa, yana kora awakinsa ciki yana ƙirga su, ba wadda ta ɓata.

Jama'a, hukuma tana da matakai, daga nasiha zuwa gargaɗi, daga shawara zuwa umarni, kuma kowanne da nauyinsa. Duk wanda aka ba kujera ya san matakin da ya dace da laifi, kada ya ɗauko mafi girma don huce haushi, domin umarni in ya fito ba ya tambayar gidan wa ya nema.